Ƙarfen da Baba Ya Kafa wa Kaka a Kat-kat

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ita ce shekarar da Baba ya sayo mota kat-kat, kuma cikin sati guda abubuwan biyu suka faɗo gidanmu. Ran Talata aka kira sunana a lise, makarantarmu, na fito da gudu da takalmi ƙafa ɗaya, ina danna wa gurup ɗinmu "na haye! na haye!" a waya da yatsu biyu har portabul ɗin ya ɗau zafi. Ran Asabar sai ga Baba ya shigo garinmu Cadawa da farar a-kori-kura mai ƙofa huɗu. Ta hannu ce, wani ya more ta a ƙasar Turawa, amma wallahi ƙamshin cikinta kaɗai ya ishi mutum. Na ɗau hoto a gaba, na ɗau a baya, na ɗau ina riƙe da sitiyari alhali ko tada ta ban iya ba. 'Yan fadarmu suka ce shi ke nan, gayen ya fi ƙarfinmu. Ni ma haka na ɗauka.

Baba aya yake fatauci, da wake in ya samu. Duk ranar kasuwar Gidan Rumji zai loda buhuna ya bi gudron, wato kwalta, ya ratsa Maradi da Tibiri. To a Gidan Rumji ne yayar Kaka take, su biyu suka rage cikin ɗakinsu, kuma idon yayar ya riga ya tafi. Da, sau biyu a shekara Kaka ke ganin ta, a motar haya, a matse tsakanin kaji da mutane. Da kat-kat ta zo sai Inna ta ce ai yanzu tsohuwa ta huta, duk sati ma in ta ga dama.

Kaka uwar Inna ce. Wato surukar Baba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin su sun yi magana ido da ido ba. Gidanta na bayan namu, in zai gaishe ta daga zaure yake durƙusawa, ita kuma ta amsa wa bango. In ya shigo tana cin abinci, an gama cin ke nan. Ni kuwa mijinta ne na wasa, ba abin da ba ma faɗa wa juna.

Tafiyar farko ita ta fara kunyata mu. Motar doguwa ce, gwiwoyin Kaka kuma sun daɗe da yin ritaya. Ta ɗora ƙafa, ta nemi abin kamawa, babu, don ɗan marikin roba na saman ƙofar baya a karye muka same shi. Ta sauko. Ta sake, ta sake saukowa. Baba ya juya baya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Maƙwabta sun fito rakiya, kowa ya yi tsaye. Ƙarshe ni na ja ta daga ciki, Inna ta turo ta daga waje, kallabinta ya zame, takalmi ɗaya ya faɗi.

Sai bakina ya rigaye ni. "Kaka, ki dawo gaba mana, can akwai mariki mai kyau, na kamfani."

Inna ta yi mini wani kallo da har yau in na tuna sai na gyara zama. Kaka ta gyara kallabi, ta ce, "Kai, miji marar kunya. Lakol ɗin taku abin da ta koya maka ke nan? In zauna kafaɗa da kafaɗa da uban wasu?"

Har muka kai Gidan Rumji idon Baba na kan hanya. Amma na ga abin ya ci shi.

Kwana biyu bayan haka ya kai motar wurin maƙerin unguwarmu, abokinsa tun suna yara. Maƙerin ya lanƙwasa rodi mai kaurin babban yatsa, ya yi mishi kunnuwa biyu, ya kafa shi can sama jikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, gefen dama, da bis huɗu dogaye, ƙusoshin nan masu murɗawa. Baba bai tsaya nan ba. Ya kira baduku ya naɗe ƙarfen da jar fata, har da 'yan tuntaye. Sannan ya ce wa Inna, "A faɗa wa Hajiya an ɗan gyara mata wuri."

Zo ka ga Kaka ranar. Ta kama jar fatar, ta ce bismillah, sai ga ta a ciki, ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Ta zauna tana shafa tuntayen. Ta dubi rufin mota ta ce, "Allah shi yi ma mai wanga aiki albarka. Allah shi ba shi masu yi mai." Baba yana gaba yana goge gilashin da ya riga ya goge, amma ta madubi na hango bakinsa. Ni na ɗauki bidiyo na tura gurup, na sa alamar wuta uku a ƙasa. Tun daga nan ba ta sakin ƙarfen. Duk hanya tana riƙe da shi saboda bayanta, kanta jingine kusa da shi, tana cin goro tana tofarwa ta taga.

Ni na jawo wa kaina sanin abin da ya hana ni sakat. Na sayo ɗan marikin waya a kasuwa, irin mai mannewa, ina son in liƙa shi jikin ginshiƙin gilashin gaba don in riƙa ɗaukar hanya. Ina goge wurin sai na ji rubutu ƙarƙashin yatsana, ƙanana, an zana su cikin robar. Erbag, jakar iskar nan ta haɗari. Na san na sitiyari, kowa ya sani. To mi ya kawo shi nan gefe? Na ciro portabul, minti biyu ban yi ba na faɗa cikin bidiyoyin gwajin mota.

Ashe akwai wata jakar iska doguwa naɗe cikin rufin, tun daga gilashin gaba har baya, bisa ƙofofi. In aka bugi motar ta gefe, ko ta kife, sai ta fashe robar ta sauko kamar labule ta tare kan mutum, kafin ka ƙifta ido. Sun ce kada a liƙa komai a hanyarta, kada a huda, ko riga mai ƙarfen rataya kada a rataye. Na ga wani gwaji da suka kafa abu a wurin, mutum-mutumi na zaune. Abin ya tashi kamar an harbo shi. Na mayar baya na sake kallo. Na sake.

Na buɗe ƙofar baya, na leƙa ƙarƙashin jar fatar. Rubutun na nan. Kunnen ƙarfen na sama ya danne rabinsa.

Marikin wayata dai na mayar da shi can ƙasa kusa da rediyo, wannan mai sauƙi ne. Sauran kuwa, kai.

Baba na fara samu, yana auna aya a zaure. Na durƙusa, na yi bayani tiryan-tiryan kamar ina gaban masu jarrabawa. Bai ɗago ba.

"Wa ya faɗa maka?"

"A waya na gani, Baba."

"A waya." Ya zuba tiya ɗaya, ya share bakinta da hannu. "Ran nan ba a waya ka gano an ce tsohon gwamna ya mutu ba, ga shi yana yawo?"

"Wannan daban ne. Ga rubutun ma jikin motar."

"Shekara nawa ina bin hanyar nan, ka taɓa jin na kife? Ka je ka ce wa Hajiya in cire abin da na ba ta? Da wane bakin?"

Na miƙa mishi wayar. Ya ce hannunsa da ƙura.

Na tafi wurin maƙeri. Shi ya kalla, har sau biyu, yana dariya yana kiran yaran maƙera su zo su ga Turawa na fasa mota sabuwa don wasa.

"Mushe," ya ce, wato malam da Faransanci, haka yake kirana tun da na shiga lise, "iska ce za ta tumɓuke aikina? Iska? Kawo saniya ka ɗaure a ƙarfen nan, in ta cire shi na bar sana'a."

"To in bai cire ba, Baba maƙeri, jakar ta ina za ta sauko? Kuma bis ɗin nan, ina suka shiga?"

"Cikin mota suka shiga. Da ina za su shiga, cikin rijiya?" Ya sosa gemu. "Na dai ji na sama ya ɗan yi laushi da ina murɗawa. Kamar tsumma. Amma ya kama."

Kamar tsumma. Na fito maƙerar na kama hanyar gida.

Inna kuwa, ni ɗan fari ne, magana mai tsawo ba ta shiga tsakaninmu. Na tsaya bakin madafa na faɗa wa tukunya abin da ke akwai. Ta ci gaba da tuƙi. Can ta ce, ita ma wa tukunyar, "Wasu in sun ci jarrabawa sai su ga kowa jahili ne." Shi ke nan.

Na koma gurup. 'Yan iskan nan, ɗaya ya ce in saya wa Kaka hular kwano ta 'yan kabu-kabu. Wani ya haɗa hotonta da hular ya turo. Na yi dariya, ba zan yi ƙarya ba. Guda ɗaya ne, wanda wansa ke aiki a garaj a Maradi, ya rubuto mini gefe: "Gaye, da gaske ne fa. A cire."

A cire. Da turnebis, abin kwance bis, minti biyar ne. Na ma ɗauko shi wata rana da azahar, na tsaya jikin motar. Amma motar Baba ce, kyautar Baba ce, ga surukarsa. In na taɓa, ba ƙarfe na cire ba. Na mayar da turnebis inda na ɗauko.

Sai na koma dabara. Ranar kasuwa ta gaba na ce, "Amarya, yau ki matso tsakiya kusa da ni, mu sha soyayya."

"In tofa goron a kunnenka?" Ta yi ƙasa da murya. "Kuma tsakiya madubi na kallon mutum."

Gaskiyarta, duk wanda ke tsakiya idonsa cikin idon direba yake. Na ce to can gefen hagu. Ta ce in sa gwiwarta a bayan kujerar uban wasu, ashe haukan nawa ya yi nisa. Duk motar wuri ɗaya ne ya halatta gare ta, wanda ya fi nisa da Baba, kuma nan ƙarfen yake.

Ranar ban ɗau bidiyo ko ɗaya ba. Duk babbar motar da ta taho sai in dubi ƙarfen. Bayan Tibiri wani garken shanu ya faɗo gudron, makiyayin na bin su da sanda yana ihu, Baba ya taka birki ya kauce. Ba abin da ya faru. Amma na ji ƙaramar ƙara, ƙwas, goshin Kaka ya taɓa jar fatar. Ta shafa wurin ta ce, "Ka ga amfaninshi, da ban riƙe ba da na tahi gaba."

Abin da na yi bayan nan, har yanzu ban san ko daidai ne ba. Na je gidanta da hantsi, tana ɓarar gyaɗa a tabarma. Na zauna, na ce, "Kaka, yau ba wasa na zo ba." Na kunna mata.

Ta matso da wayar kusa da ido. Ta kalli mutum-mutumin, ta kalli labulen iskan ya sauko, ta kalli abin ya tashi. Ta ce in maido. Na maido.

"Wanga abu shina cikin motarmu?"

"Yana ciki. Bayan ƙarfenki."

"Ubanka ya sani?"

"Na faɗa mishi. Ya ce ba zai iya karɓe abin da ya ba ki ba. Ke in kin ce a cire, za a cire."

Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa ɗaya. "Ni in aika ma surukina in ce kyautarshi za ta kashe ni? Kai dai Allah shi shirye ka. Tashi ka ba ni wuri, na sake ka."

Ta yi dariya da ta faɗa, ni ma na yi. Na ɗauka an wuce wurin.

Ranar kasuwa ta zo, Baba ya tada mota, aka aike ni kiran ta. Na same ta ko mayafi ba ta ɗauko ba. Ta ce gwiwa ta tashi, a gaida yayarta, ga ƙullin kuka da daddawa a kai mata. Sati na gaba ta ce mura. Na gaba ta ce ta yi mafarki marar kyau. Ni nake kai saƙon, ni nake shiga ɗakin yayar a Gidan Rumji, tsohuwar ta lalubo fuskata ta ce, "Ina 'yar'uwata? Ko motar ta fi ƙarfinta?" Sai in ce gwiwa ce. Ta ce, "Gwiwar da ta hau sau biyar?"

Na koma na roƙi Kaka. Na ce na fasa, ƙila ma jakar ta lalace tuntuni, ƙila ba abin da zai faru, Baba ai bai taɓa kifewa ba. Duk maganar da aka yi mini na ƙi, ita na kwaso na zube mata. Ta ce, "Da ban gani ba, da na hau. Yanzu ko na rufe ido sai in ga ɗan mutumen nan." Ban taɓa jin haushin yatsuna kamar ranar ba.

Baba ya shiga damuwa, ya ɗauka wani laifi ya yi mata. Ya aika da goro, ya aika da turmin atamfa. A sati na huɗu ne Inna ta faɗa mishi, ban san da waɗanne kalmomi ba. Na dai ga ya fito bayan la'asar, bai dube ni ba, ya ce, "Shiga." Muka je maƙera. Ya ce wa abokinsa, "Kwance shi." Maƙerin ya dubi fuskar Baba, ya ɗauko turnebis. Bis na sama da ya fito, akwai ɗan farin zare naɗe a bakinsa. Mu uku muka gan shi.

Da muka bi ta Maradi an nuna wa wan abokina a garaj. Ya haska ramukan huɗu da fitilar waya, ya ce ƙila an huda jakar, ƙila gefenta kawai aka taɓa, ba a sani sai an kwance rufin duka, kuma ko an kwance, samun irinta sai an yi oda daga waje. Baba ya ce a bari tukuna. Har yau tukunan ne. Ƙarfen da jar fatarsa yana rataye a zaure, a ƙusar da Baba ke rataya hula.

An cire, amma Kaka ba ta dawo ba, don yanzu ba abin kamawa. Na kawo turmi na kifa mata a matsayin matakala, ta ce ita ba akuya ba ce. Na ɗaura igiya jikin ƙarfen matashin kujerar gaba, ta ja sau ɗaya, kujerar ta yi baya, ta ce a rufa mata asiri. Na bincika duk inda yatsa ke kaiwa, na ga marikai iri-iri, duk wanda ya dace da tsayinta a ginshiƙin nan yake son zama. Mai kyan guda ɗaya ne, na kamfani, yana gaba, kusa da Baba.

Ranar da zan tafi Maradi fara jami'a ta faɗo ranar kasuwa. Na fito da jakata sai na gan ta tsaye jikin motar, da mayafi, da ƙullin daddawa.

"Tsaya nan kana kallona," ta ce. "Ka kashe mini ƙarfe, sai ka zama shi. Duƙa."

Baba ya zagaya bayan mota duba igiyar buhuna. Inna ta shige gida. Na sa hannu na ɗauke ta cak, ban san ta yi rashin nauyi haka ba, na ajiye ta a wurinta. Ta ɗaga hannu sama don ta kama, ta tarar da ramuka huɗu. Sai ta kama hannun rigata, ta riƙe har Maradi. Ban sauka a can ba, na bi su Gidan Rumji don in sauke ta, na ga yadda yayar ta rungume ta suna zagin juna, na sake ɗora ta da yamma. A Maradi na sauka. A gida maƙwabciya da Inna ne suka sauko da ita, an ce da ƙyar, kuma gaban mutane. Tun ranar ba ta sake hawa ba.

A hanyar nan ne ta raɗa mini abin da nake ta bi yanzu. Ta ce, "In kai ke tuƙi, ai sai in zauna gaba. Kusa da miji ba kunya."

Na shiga koyon mota a nan Maradi, Asabar da Lahadi. Sau biyu ina faɗuwa a fakin, malamin ya ce ƙafata ba ta kai yatsana hankali ba. Baba kuma bai ce zai ba ni makulli ba ko na samu permi, takardar tuƙi, na tambaya ta bakin Inna, amsar ba ta dawo ba. Ranar kasuwa in ina aji sai in ji wayata ta motsa, bokal ne, saƙon murya, daga wayar maƙwabciya, muryar Kaka a kusa da yawa kamar za ta cinye portabul ɗin.

"Kai, miji marar amfani. An ce 'yar'uwata ba ta tashi zaune yanzu. Permin ya hito?"

Ina danna maɓallin in amsa, in riƙe, in saki. Ni da nake rubuta layi goma kafin mutum ya ɗaga kai, sai in kai la'asar ban haɗa mata kalma biyu ba. Ƙarshe dai in ce, "Saura kaɗan, Kaka."